Mabuɗin Layin Zariya

Na ga tashoshin wuta a Ingila da Masar da Indiya, amma wadda ta fi zama mini a rai ita ce tamu ta arewacin Kaduna, inda na yi aiki shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa. Ba ma yin wuta a can. Daga Kainji take zuwa da ƙarfin da babu gidan da zai iya ɗauka, mu rage mata ƙarfi a taransifoma, mu raba: wannan layi Zariya da Kano, wannan Jos, wannan cikin gari. Kamar 'yan sari muke a Babbar Kasuwa. In muka rufe, garuruwa sun rufe.

Dokar aikin ɗaya ce ko'ina na je. Kafin ma'aikata su hau layi, a kashe shi, a sa wa makunnin kwaɗo, heluma, wato shugaban ma'aikatan, ya tafi da mabuɗin. In an gama, shi zai dawo da shi da hannunsa, ya ce da bakinsa, "Mutanena sun sauko." Baturen da ya kafa dokar bai san cewa a Kaduna heluman zai iya zama surukinka ba. Nawa uban matata ne. Tun da na auri 'yarsa ba mu haɗa ido ba. In ya hango ni a unguwar Abakpa, sai ya canza hanya.

Wata Talata da damina surukina da mutanensa suka fita gyaran layin Zariya. Bayan azahar sai ga direbansu ya ajiye mini mabuɗi a tebur.

"Baba ya ce a ba ka."

"Ya ce sun sauko?"

"Kai, ango, surukinka ne ko nawa? A ba ka kawai ya ce."

Na ɗauki mabuɗin, na ajiye. Na je bakin makunnin, na dawo. Tarho ya yi ƙara. Babban jami'inmu ne, Bayarabe, ya fara da Turanci, ya koma Hausa, ya ƙare da Yarbanci don ya san ina ji. Zariya ba wuta tun safe, har da asibiti, me nake jira? Na ce minti kaɗan. Na sake zagaya ɗakin. In na kunna alhali akwai mutum a sama, ya mutu. Wanda zai gaya mini kuwa shi ne wanda ban taɓa yi wa tambaya ba.

Na bar wani abokin aikina a kan tarho, na ce direba ya juya.

Mun same su a bayan gari, cikin gonar dawa, surukina yana alwala. Na durƙusa nesa kaɗan. Ma'aikata suka fara murmushi.

"Baba, barka da aiki. Kowa ya sauko?"

Ya kalli butarsa. "Ai na aiko."

"Baba, da baki ake faɗa."

Ya ɗaga kai yana ƙirga mutanensa. Ya sake ƙirgawa. Ya miƙe, butar ta kife. Can a turken wuta na uku wani kafinta da ke taya su ya koma sama ɗauko filayar da ya manta, ƙafarsa a kan waya.

Sai da mutumin ya taka ƙasa surukina ya ce, bai dube ni ba, "Sun sauko."

Daga ranar da kansa yake kawo mabuɗi. Yakan tsaya a bayan taga, ya juya mini baya, ya gaya wa bango.