Hannun Ɗanliti Mai Rijiya

Waɗanda suka san Ɗanliti da tsufansa, yana zaune a gefen kasuwar Ɗambatta yana ɗinkin guga, ba za su yarda ba in an ce musu wannan tsoho shiru-shiru ya taɓa zama abin magana a gari. To, ya zama kuwa, kuma ba maganar daɗi ba.

Haƙar rijiya ya gada tun daga kakansa. Shi da ƙanensa Mati suke aiki, ɗaya a ƙasa da dagi, ɗaya a sama riƙe da igiya. A shekarun farin nan da gero ya ƙone a tsaye, shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, rijiyoyi suka ƙafe, kowane ƙauye kira yake a zo a ƙara masa zurfi. A irin wannan aikin ne bakin wata tsohuwar rijiya ya rufta da Mati a ciki. Su biyu ne kaɗai a wurin. Sai da aka yini ana tono kafin a fito da gawarsa.

Ranar sadakar uku, Ɗanliti ya zo miƙa hannu ya karɓi gaisuwa, hannun dama ya ƙi tashi. Haka kawai ya saki kamar tsumma.

An yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Aka kai shi asibiti a Kano, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, likitoci suka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Ai kuwa wannan lafiyar ita ta jawo masifa. Mutanen ƙauye suka ce ciwon da asibiti bai gani ba, an san ko na mene ne. Nan da nan aka tuno cewa Larai mai daddawa, tsohuwar da ba ta da kowa a garin, ta dafa masa kafaɗa ranar gaisuwa. Shi ke nan, Larai ta zama mayya.

Akwai wani ma'aikacin lafiya a ɗakin shan magani na yankin, Malam Basiru, mutum mai tambaya kamar alƙali. Shi ne ya kwantar da Ɗanliti a benci, ya ɗaga hannun saitin fuskarsa, ya saki. Hannun ya kauce ya faɗi gefe. Ya ƙara, ya sake kaucewa.

"Hannun da ya mutu da gaske a kan hanci yake sauka," in ji Basiru.

"Wato ƙarya nake yi?"

"Ko kusa. Ciwonka gaskiya ne. Amma akwai abin da in zuciya ta kasa ɗauka, sai ta sauke wa jiki. Ba hauka ba ne, ba kuma maita ba. Me hannun nan yake riƙe da shi ranar da Mati ya rasu?"

Ɗanliti ya tashi, ya sa hularsa da hagu, ya fita ko sallama babu. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙasan rijiya mai gaba ashirin.

Wata Juma'a, wata uku da rasuwar Mati, bayan an sauko daga masallaci, matasan gari suka jawo Larai har ƙofar gidan su Ɗanliti. Za a kwantar da shi ne ta tsallake shi sau uku, wai ta saki kurwarsa. In ya warke, ta tabbata mayya. In bai warke ba, ta ƙi saki ne, sai duka da kora. Ka ji shari'ar banza. Wasu ma har sun taho da ashana saboda ɗakinta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da shi. Mahaifiyarsa Inna Jumma tana tsaye a bakin zaure. Asiya, matar Mati, tana takaba a bayan danga, tana jin komai. Ɗanliti ya san hannun ba zai tashi ba. Ya san maganar da za ta ceci tsohuwar nan, ya kuma san ita ce za ta iya raba shi da uwarsa har abada.

Larai ta tsallaka ta farko da ƙafafunta masu faso.

"Ɗanliti, ni ce fa," ta ce a hankali. "Ni na goya ka kana jariri."

Ta tsallaka ta biyu. Wani a bayanta ya gyara riƙon sanda.

"Ku ƙyale ta," in ji Ɗanliti. Ya dafa da hagu ya tashi zaune. "Ba ita ba ce. Da ƙasa ta fara zuba, Mati yana kan igiya, ina jawo shi, ya kusa fitowa. Sai bakin rijiyar ya fara tafiya a ƙarƙashin ƙafata. Yana kiran sunana na saki igiyar na yi baya. Ni na sake shi."

Kukan Asiya ya tashi daga bayan danga. Larai ta gyara mayafinta ta ratsa su ta wuce, kuma don rashin kunya ko mutum ɗaya bai ba ta haƙuri ba.

Hannun bai tashi a ranar ba. Sai da ya shafe wata bakwai yana zuwa wurin Basiru duk ranar kasuwa, suna zama suna magana, kafin yatsun su fara motsi. Rijiya kuwa bai ƙara leƙawa ba. Amma a wannan yammacin ba hannun ne a gabansa ba, uwarsa yake jira.

Inna Jumma ta tako har bakin tabarmar ta tsuguna, ita da ba ta taɓa yi masa magana a gaban mutane ba saboda kunyar ɗan fari.

"Wata uku kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

Ya kasa ɗaga kai.

"Da ka riƙe, da 'ya'ya biyu aka binne mini rana ɗaya," ta ce. "Tashi ka shiga ka faɗa wa Asiya da bakinka. Wannan kam ba zan ɗauke maka ba."