Dabinon Basra

Yanzu idan aka jefa bam a wani gari, kafin hayaƙi ya lafa kowa ya gani a wayarsa. A shekarun 1980, lokacin da muke zaune a unguwar Woodbridge, can ƙasar Turawa, sai mutum ya yi wata da watanni yana jiran matafiyin da zai kawo masa labarin danginsa.

Maƙwabcinmu likita ne, mutumin Basra, garin da jiragen ruwa ke tsayawa, ga yaƙin ƙasarsu da Iran yana ta ci. Mahaifiyarsa ta ƙi barin gida. In an yi jiniya ta shige ƙarƙashin matakala, in abin ya lafa ta koma wajen bishiyoyin dabinonta. Duk azumi sai ta nemi mai tahowa ta aiko masa da dabino, shi kuma ya ɗibar mana a kwano. Na ci na Agadas, na ci na Madina, ban taɓa cin mai laushin nata ba.

Wata shekara ya kawo kwanon dab da shan ruwa. Da lokaci ya yi na kai ɗaya baki, na ji na kanti ne. Na ce masa da Larabci, cikin raha, "Likita, bana Hajiya ta manta da mu ne?"

Ya ce, "Ba ta manta ba, Alhaji. Bam ya same ta a cikin gonar. Ban so azumi ya kama ba ku ga kwanon ba."

Ya ci gaba da kawo kwanon kowace shekara har muka tashi daga unguwar. Dabinon Basra dai bai sake shiga gidanmu ba.