Rariyar Bayan Rumbu

Bana, shekarar da marka ta riga lokacinta har ta tarar da mutane ba su gama maimai ba, na yi wata 'yar tafiya ta kwana uku da nake so in ba ku labarinta, 'yan ajinmu na makarantar manya da sauran masu bina a waya.

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da wani maƙwabcina magini. Daga Ungogo za mu wani ƙauye da ke gaba da Makoda, gidan yayata. Mijinta ya rasu da kakar bara, wannan ce daminarta ta farko ba shi. Ɗanta yana Kudu wajen nema. Gidan daga ita sai surukarta da jikoki biyu ƙanana. Yaya ta bugo mini waya ta ce katangar gidan ta tsage, kuma ruwa yana kwanciya a tsakar gida. Ni ba katangar ce ta fi damuna ba. Abincin da za su ci har sabon gero ya shigo duk yana cikin rumbu guda ɗaya na ƙasa. In rumbun nan ya tafi, sai dai su koma awo da kwano a kasuwa, a wannan tsadar.

Dama a satin malaminmu ya koya mana abin da ya kamata gida ya tanada kafin ambaliya, ya rubuta a allo muka kwafa. Na sa littafin a leda, na cusa shi a aljihu.

Adaidaita muka hau zuwa tasha. A hanya mun wuce sababbin gidaje birjik a wuraren da na sani gonaki ne. Akwai wani kududdufi da aka cike da shara aka kafa gida mai fenti a kansa. Maginin ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ina yaro a nan muke kamun tarwaɗa. Mai gidan nan zai ci kifi a falo." Mai adaidaitan ya yi dariya har ya kusa taka wata akuya.

A tasha muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma. Kuɗin mota ma ya kusa ninka na bara, da na yi magana direba ya ce in je gidan mai in yi musu ita. Aka jera mu huɗu a kujerar mutum uku. Wata mata kusa da ni ta rungume kwandon ƙwan zabi, duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi salati ta leƙa kwandon.

Hanyar Ɗambatta da damina abar kallo ce. Ba ka gama fita wani ƙauye ba ka shiga wani, tsakaninsu kuwa babu tafin ƙasa guda da ba a shuka ba. Gero ya wuce ƙugu, gyaɗa ta rufe kunya, ɗorawa da darbejiya sun yi duhu. Amma duk inda ƙasa ta yi kwari za ka ga ruwa kwance, dawa ta yi rawaya a ciki. Na ga gidaje biyu ko uku da katangarsu ta zube an kafa zana a gurbin.

A Makoda muka sauka na sayi buhunan wofi, igiya, batirin tocila da bokiti mai murfi. Daga nan sai acaɓa. Hanyar ƙauyen laka ce zalla. A wani wuri kwalbati ya karye, muka sauka muka naɗe wanduna muka tsallaka, masu baburan suka turo abinsu. Na gaban ya ce haka suke yi tun farkon damina, har sun daina jin haushi.

Mun isa da hantsi. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, Yaya ta ga na zaro littafi. Ita har yau Auta take ce mini, ga furfura a gemuna.

"Auta, da littafin za ka tare mana ruwan?"

"Da shi zan tuna abin da za a yi, Yaya."

"To Allah ya taimaka. Ku fara cin abinci, boko ba ya aiki da yunwa."

Surukarta ta kawo kwaɗon zogale da ya ji ƙuli-ƙuli, da fura mai sanyin randa. Muka ci muka yi hamdala, muka tashi aiki.

Maginin ya duba tsagewar katangar ya ce ruwa ne ya ci gindinta. Ya kwaɓa ƙasa ya cike, ya yi mata tokari da itace biyu. Ya hau soron Yaya ya tarar indararo ya toshe da ciyawa da sheƙar tsuntsu, ya share. Ni kuma ina bin littafi layi-layi. Buhun wake da na gyaɗar iri da ke ƙasa a ɗaki muka ɗora su a kan duwatsu da katako. Takardar gona, katin asibiti da katin ɗan ƙasa muka naɗe a leda muka sa a bokitin nan, tare da maganin hawan jinin Yaya da ashana da tocila, muka rataye shi a azara. Na ce a riƙa cika jarka biyu da ruwan sha kullum, domin in ambaliya ta shiga rijiya ba a shan ta. Na rubuta lambar wani ɗan acaɓa da ta mai kemis a bayan ƙofa da gawayi, manya-manya, surukar ta karanta mini su daidai. Na je wurin maƙwabcinsu, wani dattijo mai fara'a da gidansa ke kan tudu, muka yi magana in ruwa ya yi yawa za a kai masa yara da awaki. Ya ce ai wannan ba sai an tambaya ba.

Sai layin magudanar ruwa. Akwai rariya a gindin katanga kusa da zaure, yashi ya cike rabinta. Na kwashe shi da hannu, na zura kara ya fita waje sumul. Na sa alama a littafi, raina fari.

Saura rumbu. Yana can ƙuryar gidan ta baya, a kan duwatsunsa, da hular jinka. Na ce wa Yaya ko za a rage hatsin a kai ɗaki, in kira mutum biyu su kama mana. Ta dube ni kamar na zage ta.

"A kira mutane su ƙirga mini dammunan gerona? Gobe gari duka ya san abin da marigayi ya bari? A'a, Auta. Rumbun nan ya ga damina ashirin."

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san wannan. Ba a leƙa rumbun wani, ba a ma cika raɓarsa. Maigida ne kaɗai ke hawa ya fito da abin da za a sussuka. Ni ƙaninta ne, amma ban taɓa sanin cikinsa ba. Maginin ma daga nesa ya tsaya, ya ce duwatsun suna da tsayi, sun fi taƙi guda. A bayan rumbun an jingine kara da yawa a jikin katanga. Mun ga karan, ba wanda ya zaga. Muka juyo muna ganin mun yi ladabi.

Washegari da safe muka ƙarasa yaɓe. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa sau biyu sai ruwa ya kece. Muka zauna a zaure muna cin gasasshiyar masara. Indararo yana zuba kamar famfo, rariyar zaure tana ja, maginin sai murmushi yake yana cewa a dubi aikin gwani. Mun fi awa guda a haka.

Sai muka ji muryar surukar daga ciki: "Baba! Ku zo, ruwa ya taru a baya!"

Ashe gidan gangare yake yi zuwa ƙuryar rumbu. Rariyar zaure ruwan gaba kawai take ɗauka. Da muka isa ruwan ya kai ƙwauri, ja wur da ƙasa, yana juyi ba shi da mafita. Duwatsun rumbun sun kusa nutsewa, saura kamar yatsa uku ya taɓa gindin. Rumbun ƙasa kuwa in gindinsa ya zauna a ruwa, haka yake narkewa kamar curin fura a nono.

Maginin ya ɗaga murya saboda ƙarar ruwa. "Yaya, da can ta ina ruwan nan yake fita?"

Yaya ta tsaya, zane a ka, ta ɗora hannu biyu a kai. "Innalillahi! Akwai rariya a bayan karan nan. Ni na toshe ta."

Da bazara ne maciji ya shigo ta nan ya cinye mata ƙwai. Ta cusa dutse da tsumma, ta liƙe da laka, ta jingine kara a kai. Ba sabon abu ba ne, kowace shekara haka suke yi. Sai dai ranar da aka yi ruwan shuka marigayi ne ke zagawa ya buɗe ta, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ba wanda ya taɓa tambaya. Bana ba ya nan.

Ko a lokacin sai da maginin ya ce, "A ba mu izini mu zaga?"

"Izinin me? Ku zaga! Ku hau kansa ma in kuna so!"

Muka dinga jifa da kara ta kan katanga. Na durƙusa a cikin ruwan, na lalubo wurin, na ƙwaƙule lakar na fizgo tsumman. Dutsen ya ƙi motsi, domin daga ciki aka buga shi kuma ruwa yana danna shi. Maginin ya ce sai an doke shi daga waje. Surukar ta ruga ta kira dattijon nan, ta miƙa masa taɓarya. Yaya tana cewa, "Ba sabuwar ba, 'yar nan, tsohuwar!" amma an riga an tafi da sabuwar.

Muna jin dattijon ta bayan katanga yana bismilla yana duka. Ruwa ya riga ya lashi gindin rumbun ta gefe ɗaya, ina ganin ƙasa tana saki tana zuba. A duka na biyar dutsen ya faɗo ciki ya same ni a ƙwauri. Ruwan ya yi waje gaba ɗaya da ƙarfi. Sai muka ji tim, sannan muka ji murya: "La ilaha illallahu! Ku ce mini zai fito mana!" Ruwan ne ya kwashe ƙafafun dattijo ya zaunar da shi a lungu. Bai ji ciwo ba. Yaya tana hawaye tana dariya lokaci guda.

Kafin la'asar sakaliya duwatsun sun fito fili. Ruwan da ya bi lungu ya ci gindin katangar garken awaki, wani ɓangare ya zube, amma an riga an kai awakin tudu.

Da safe rana ta fito. Yaya ta kira ni gefe ta ce, "Auta, ɗauko tsani ka hau ka duba mini." Na cire jinkan na shiga, karo na farko a rayuwata. Dami biyu na ƙasa sun sha laka ta gefen da ruwa ya taɓa, na fito da su. Sauran lafiya lau, a bushe. Abin da na gani a ciki ba zan faɗa muku ba, amma in Allah ya so zai kai su kaka. Maginin ya gyara gindin, ya ƙara dutse, sannan ya samo guntuwar ragar taga ya kafa a bakin rariyar, ruwa ya wuce, maciji ya tsaya a waje. Yaya ta ce da ta san da wannan dabarar da ba ta ɓata tsummanta ba.

Da hantsi muka yi sallama. Ta haɗa mu da daddawa da kuɓewa ɗanya, dattijon ya rako mu bakin hanya yana ɗingishin wasa, yana cewa in gaya wa mutanen birni shi ya ceci rumbun. Na gaya muku. A kwalbatin nan ruwa ya ƙaru, sai da muka ɗora kaya a ka. Motar dawowa ta fi ta zuwa sarari, har na samu na yi gyangyaɗi. Mun shigo Ungogo ana kiran la'asar. Kafin in zauna sai da na zaga gidana kusurwa-kusurwa, na tambayi maiɗakina ko akwai wani rami da ta taɓa toshewa. Akwai, a bayan madafa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk shirin da muka yi ya yi amfani, amma wurin da muka ji kunyar zagawa nan ne ruwa ya taru. Kuma in mutum ya rasu, akwai ƙananan ayyukan da yake yi shiru waɗanda ba wanda ya san da su. Ya kamata a zauna a tambayi juna tun sama ba ta haɗa hadari ba.

Abin da aka rasa a gidan Yaya: dami biyu na gero, 'yan tsaki huɗu, katangar garke kamu shida, da sabuwar taɓarya da ta tsage. Ba a rasa rai ba, rumbu yana tsaye. Alhamdu lillahi.