Yadda Na Goge Sunayen Manomanmu Saboda Tsoron Haram

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuto muku wannan, don kunya nake ji, kuma ina tsoron a gane ni. Amma abin ya hana ni sakat.

Ni manomi ne a Kaikai, cikin ƙasar Kusada. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma da yake ina da hannu mai kyau, sai ƙungiyar manomanmu ta naɗa ni sakatare. Tun ina yaro ni mai yawan wasuwasi ne. Ko gyaɗar maƙwabci ta faɗo a kunyar gonata, sai na mayar masa. Mutane suna yaba mini da wannan hali, ban san shi zai kai ni ƙasa ba.

Akwai wata ma'aikaciyar gona a Kankia, Kirista ce daga kudu, mun saba kiranta Madam. Ita ta samo mana tsohuwar kwamfuta, ta saka mana wata manhaja ta rubuta sunayen manoma da awon gonakinsu. Ta ce kyauta ce, waɗanda suka ƙirƙire ta sun yarda kowa ya yi amfani da ita, ya kuma ba wani. Rani guda muka yi muna zagaya gonaki da ƙafa muna awo, ina shigarwa. Da wannan jerin za a ba mu irin gero mai saurin nuna kafin damina. Da sakatarorin Fakuwa da Tafashiya suka gani, suka roƙe ni, na kwafa masu manhajar.

Wata ranar kasuwa na shiga shagon mai gyaran waya a Kankia, na ce ya buɗe mini shafin intanet ɗin da aka samo manhajar, in ga ko akwai sabuwa. A can ƙasa akwai rubutu ƙanana da Turanci. Na ce ya fassara mini. Ya ce an rubuta cewa ba a yarda a kwafi komai daga shafin ba, ba a yarda a rarraba ba sai da izini. Har ya yi mini dariya, wai ashe malam mai tsoron Allah ɓarawon zaune ne. Shi wasa yake yi. Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ina ta tunanin duk irin da za a ba mu ta hanyar kayan sata zai fito, mu shuka, iyalanmu su ci. Ga kuma mutum biyu da na jefa cikin laifin. Madam ta tafi gida hutu, wayarta ba ta shiga. Ban shawarci shugabanmu ba, don kada ya ce na jawo masu abin kunya. Na ɗauki kwamfutar na koma wajen mai gyara, na ce ya share komai. Ya tambaye ni sau biyu ko na ajiye sunayen a wani wuri. Na ce ya share kawai. A zuciyata, abin da aka tara da kayan haram shi ma haram ne.

Da Madam ta dawo karɓar jerin, saura kwana huɗu a rufe karɓar sunaye. Na faɗa mata abin da na yi, ina jiran ta yaba. Sai ta zauna a kan benci ta dafe kai. Ta yi mini bayani cewa abu biyu na haɗa. Ƙa'idojin da aka karanta mini na shafin ne: hotunansa, tambarinsa da rubuce-rubucensa. Ita manhajar tana da nata lasisin daban, yana cikinta, kuma shi ya ba ni izinin amfani da kwafa da bayarwa, muddin na bar takardar lasisin da sunayen masu ita a ciki. Ta ce kamar mutum ne ya ajiye iri a ƙofar gidansa ya ce kowa ya ɗiba sadaka, amma ya hana a cire allon ƙofarsa. Sannan ta ce, "Malam, ba ka saci komai ba. Naka ka ƙona."

Mun yi ƙoƙari mu sake rubuta sunayen daga ka, amma awon gona ba ya dawowa daga ka, kuma ba a karɓar suna ba tare da awo ba. Fakuwa da Tafashiya, da na ba manhajar, sun samu irinsu. Mu ba mu samu ba. Daminar ta ɗauke da wuri, tsohon irinmu bai kai ga nuna ba a gonaki da yawa.

Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya raka ni yana dogara sandarsa har iyakar gonarsa ranar awo. Bayan kaka na je gaishe shi, na tarar rumbunsa bai kai rabi ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ka ji tsoron Allah a kan mutanen da ba ka sani ba, mu fa? Mi ya hana ka tambaye mu?" A makon na ajiye sakatarancin.

Na gane cewa tsoron haram ba tare da sani ba yana iya cutar da mutane kamar rashin tsoron. Ina gargaɗin duk wanda aka ba amanar kwamfutar jama'a: dokar shafi daban, lasisin manhaja daban. Ka nemi a karanta maka duka biyun, kuma kada ka goge abin da ba naka kaɗai ba.

Kwamfutar tana nan a akwatina, ban sake kunna ta ba. An ce mini wani lokaci ana iya dawo da abin da aka share. Don Allah, idan akwai mai karatu da ya san ko gaskiya ne, da inda ake yi, ya sanar ta wannan mujalla. Dattijon nan ƙafarsa ba za ta sake zagaya gona ba, kuma damina tana tafe.