Kaka Kar-Ka-Taɓa a Ɗakin Gwajin Yara

Wallahi duk layinsu ba yaron da bai san Kaka Kar-Ka-Taɓa ba. Shekara talatin tana sai da kofuna da farantan tangaran a ɗan shagonta, 'ya'ya bakwai ta raina a ciki, yaro na fara rarrafe take koya mai maida hannu baya. Haka ta yi wa jikanta ma, wanda take riƙo tun da uwarsa ta koma aiki.

To yaron nan ya shekara biyu sai uban ya ce shirunsa ya yi yawa, a kai shi asibiti a gwada, in aka ce yana baya to gidan raino za a sa shi. Ita kuwa Kaka in babu shi, da wa za ta wuni?

Suka shiga, ma'aikaciyar ta buɗe akwati ta zube 'yan katakai a tebur ta ce, "Ɗan ƙwarai, ɗora wannan kan wannan." Yaro ya maida hannu baya. Ta miƙo kofi da cokali da 'yar tsana, ko motsi. Ta gangaro mai ƙwallo, ya matsa ya ba ta hanya!

Kaka sai washe baki take. "Kin ga tarbiyya ko, 'yar nan?"

"Kaka, sifili uku fa na rubuta."

"Sifilin me? Ya ɓata miki wani abu ne?"

"Takardar ba ta da gurbin ladabi. Abin da ya yi da hannunsa shi nake cikewa."

Kaka ta kalli ƙofa, uban na waje yana jira. Ta sunkuya ta ce, "Maigida, taɓa."

Yaro ya kalle ta kamar ta zautu.

"Na ce taɓa, ja'iri, ƙwace min kai za su yi!"

Kai! Katako shida ya jera a tsaye, ya ba 'yar tsana ruwa a cokali, ya wurga ƙwallo sai a tabaran ma'aikaciyar, ita ko dariya take tana rubutu.

Uban ya karanta takardar a bakin ƙofa yana sosa ƙeya ya ce, "To Inna, ki ci gaba da riƙonsa."

Ta saɓa yaronta a kafaɗa ta ce, "Da ma fa! Kai da ka shekara uku kana dalalar da miyau, wa ya gwada ka?"