Ranar da Kakata Ta Kira Sunan Ɗanta

Ina shekara tara mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu kuwa ta riga shi. Ni da ƙannena biyu muka koma hannun kakarmu a Dagumawa. Lokacin kuɗin mai sun cika birni, kowa sai zancen sabon babur, mu kuwa fari ya bar mana rumbu wayam. Dangi suka zauna suka ce in damina ta faɗi za a raba mu, kowa ya ɗauki ɗaya, tunda tsohuwa ba ta da ƙarfin ciyar da uku.

Ana haka aka yi shela cewa gwamnati za ta riƙa ba masu riƙon jikoki marayu ɗan abin hannu duk wata. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, kakata ta ja hannuna muka tafi ofishin da ake rubuta sunaye.

Akawun ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya tambayi sunan mamacin. Kakata ta sunkuyar da kai. Ɗanta na fari ne, kuma tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. "Yaron nan" take cewa, har ya yi furfura. Na buɗe baki zan faɗa, akawun ya ɗaga hannu.

"Iya, rantsuwa ce. Daga bakinki doka take so."

"Ɗan nan, ai kowa ya san shi."

"Ni ban san shi ba, Iya."

Muka dawo gida ba a rubuta mu ba. Na yi fushi da ita ƙwarai, har na ƙi cin tuwo. A ganina kunya za ta sa a raba ni da ƙannena.

Da Juma'a ta zagayo muka koma. Ta faɗi sunan can ƙasa-ƙasa, ga hayaniyar masu shanu tana shigowa ta taga, akawun bai ji ba.

"Ɗaga murya, Iya."

Sai ta ɗaga. Ta kira shi da ƙarfi, har da jan ƙarshen, yadda uwa take kiran ɗanta in ya yi nisa a gona. Akawun ya rubuta, ya miƙo mata tawadar dangwale. Ba ta gani ba. Ta juya tana kallon ƙofa, tana jira a amsa.