Raƙumin Inna a Kunnen Kawu Sanda

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Sanda keken ɗinki ya san ba ya kallonsa. Sai ya tuɓe hula, ya rufe ido, ya manna kunne a jikin ƙarfen, ya ce, "Taka." Ka taka sau uku, ya ɗaga hannu, shari'a ta ƙare. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Zan yi ƙoƙari in faɗi abin da na gani kawai, inda ba ni da tabbas kuma in faɗa.

A wurinsa kekunan duniya kashi huɗu ne, kuma duk a kasuwar dabbobin Dakoro ya samo sunayensu. Raƙumi shi ne tsohon baƙin ƙarfe mai nauyi, ba sauri, ba gajiya. Jaki sai an doke shi. Akuya tana cin zare da yadi. Zabo kuwa ƙara ce kawai. Wani makiyayi daga Tagriss ya taɓa ɗauro keken matarsa a kan jaki, kwana biyu yana tafe. Kawu ya saurara, ya mayar da hula.

"Jaki biyu ka kawo mini, Malam. Na ƙasan ya fi lafiya."

Da na dawo daga jami'a, ya laƙa mini Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Na je masa da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Na bayyana masa, cikin ladabi ina jin, cewa lambar da ke buge a gindin keke na iya nuna shekarar da aka ƙera shi, ko da yake ba kullum ba.

"Lamba? Kai ma an buga maka lamba a takarda, Mushe. Ɗinke mini aljihunka in gani."

Na duba, ashe a yage yake. Na tambaye shi to ni wane kashi nake. Ya ce ni keken nan ne mai ja da baya sau biyu kafin ya yi ɗinki ɗaya, sai ya buɗe mini kashi na biyar.

Kun tuna shekarar da aka baza cewa akwai wani jan ruwa mai tsada ɓoye cikin tsofaffin kekuna. Manya da gemunsu suna kara wayar salula kusa da allura, wai in rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke to an dace. Ban yarda ba, amma gaskiya ta sa in amsa cewa na gwada sau ɗaya. A lokacin ne yayana Hamza ya kawo wani mai saye daga Maradi a kan keken Inna, mahaifiyarmu, wadda ta rasu bara waccan. Da shi ta ɗinka mana kayan lakwal duka, tun shigarmu makaranta. Ban so a sayar ba, amma abin da ya iya fita bakina shi ne, "Yaya, wataƙila dai, a ganina..."

Mai sayen ya ce ba zai biya ba sai kunnen Kawu ya shaida tsohon ƙarfe ne na asali, don daga Roumbou har Mai Yara maganarsa ake bi. Hamza ya taka sau uku. Kawu bai ɗaga hannu ba. Ya taka har sau goma.

"Akuya," in ji Kawu. "Kan gwangwani ne, ƙafa ta aro. Alhaji, in kana da riga mai kyau, ja da baya."

Alhaji ya shiga motarsa. Hamza ya yi Juma'a biyu bai gaida Kawu ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, kalmar akuyar nan ta zauna mini a ƙirji.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ya sa na ɗauko masa keken har ɗakinsa.

"Taka, Mushe."

Na taka. Ya daɗe ido a rufe.

"Raƙumi. Babu irinsa daga nan har Maradi. Ni na zaɓa wa ƙanwata shi da hannuna."

"Amma Kawu, kun ce..."

"Na ce. Kai mai son keken ka tsaya kana wataƙila, dole wani ya buɗe baki. Tun da nake ban taɓa yi wa keke ƙazafi ba sai wannan. Rubuta a kayenka, kada ka ce wai."

Na rubuta, kuma ban ce wai ba. Keken yana ɗakina, duk Juma'a ina zuba masa mai.

Allah ya yafe wa Kawu Sanda ƙaryar nan guda, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da ƙanwarsa cikin rahama. Amin.